Daga Kakuri Zuwa Madina: Fatar Matafiyi A Cikin Jirgin Sama

Duk wanda ya zauna a ƙetaren Kogin Kaduna ta kudu, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, ya san shekara iri biyu ce a wurinmu. A watan Agusta riga takan kwana biyu a kan igiya ba ta bushe ba, gishiri ya jiƙe a cikin kwano, kogi ya cika ya batse har mazauna bakin gaɓa su shiga zullumi. A watan Janairu kuwa sai ruwa ya janye, duwatsun tsakiyar kogi su bayyana, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, yara su tafi makarantar allo furu-furu kamar an turbuɗe su a toka. Wannan hunturu mun san shi, mun kuma gaji maganinsa daga hannun iyayenmu mata. Amma akwai wani hunturu wanda ba ya jiran watansa, ba shi da hazo, ba ya kaɗa ganye, shi ne na cikin jirgin sama. A kansa nake nufin yin magana a wannan mako, saboda 'yan'uwanmu maniyyata Hajji da Umra, da fatake masu zuwa Dubai da Alƙahira da ƙasar Sin, da ma'aikatan gwamnati waɗanda aiki ke kai su Ikko da ƙasashen waje.

Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa malami da zancen man shafawa? Abin da ya haɗa su alwala da harami. Fata ita ce wurin da ruwan tsarki ke sauka sau da yawa a kowace rana, ita ce kuma ke ɗauke da mutum a kan dakalin ɗawafi da tsakanin Safa da Marwa. Na sha ganin dattijo ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru, ya isa ƙasa mai tsarki, sa'an nan tsagewar dunduniya ko saɓewar cinya ta zaunar da shi a masauki, abokansa suna zuwa Harami shi yana jin kiran salla ta taga. Sau da yawa kuma ba rashin mai ne ya jawo masa haka ba, rashin sanin hukunci ne, domin ya ɗauka tun daga ranar da ya fita ƙofar gidansa mai ya haramta gare shi.

Bari in fara da wani ilmi wanda mutanen Kakuri suka fi kowa saninsa. A shekarar 1957, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, Allah Ya jiƙansa, aka buɗe masaƙar KTL a unguwar nan, sa'an nan Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. Mu da muka tashi a nan, da jiniyar masaƙa muka san safiya ta yi, kekunan ma'aikata kuwa idan an tashi aiki sai su cika hanya har babu masakar tsinke. KTL ta rufe a 2002, harkar saƙa ta durƙushe, wannan kuwa baƙin ciki ne mai zaman kansa. To, tsofaffin ma'aikatan sashen kaɗi za su gaya maka cewa zaren auduga ba ya son busasshiyar iska. Idan danshi ya yi ƙaranci a ɗakin kaɗi sai zare ya yi ta tsinkewa, saboda haka kowace masaƙar auduga takan sa na'urar da ke fesa wa iska ruwa, don danshin ɗaki ya tsaya a kan kashi 50 cikin ɗari ko fiye. Fatar ɗan Adam ma haka take, ta fi samun sukuni idan danshin iska yana tsakanin kashi 40 da 60.

A cikin jirgin sama kuwa danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a doguwar tafiya ma har ya kusanci kashi 10. Dalili shi ne jirgi yana tafiya a nisan ƙafa 35,000 ko fiye daga ƙasa, inda sanyi ke kai awo 50 ƙasa da sifiri, iska mai irin wannan sanyi kuwa ba ta iya riƙe ruwa. Ita ce ake zuƙowa, a matse ta, a daidaita ɗuminta, a turo wa fasinja. Ɗan danshin da ke cikin jirgi yawancinsa daga numfashin mutanen ciki yake fitowa. Watau wanda ya bar Makera a watan Mayu, ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, kafin awa guda da tashi ya faɗa tsakiyar Janairu. Daga Kaduna zuwa Madina ko Jidda tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar. Mai zuwa ƙasar Sin ta Addis Ababa ko Dubai kuwa, zai ninka wannan har ya wuce.

Kakanninmu da suka yi Hajjin ƙasa ta Barno da Fort Lamy da Darfur har Sawakin, waɗansu shekara biyu, waɗansu bakwai, kaushi da faso su ne tambarinsu, amma jikinsu yana sabawa da kowace ƙasa sannu a hankali, kamar yadda raƙumi ke tafiya. Mu kuwa an taƙaita mana shekarun nan sun koma awoyi, jiki bai samu zarafin sabawa da komai ba.

Tafiyar maniyyaci daga kudancin kogi ba a filin jirgi take farawa ba. Wanda ke Kakuri ko Nasarawa yakan bi babbar hanyar Nnamdi Azikiwe wadda ta kewaye gari ta yamma, ya haye gadar kogi, ya wuce Kabala ta Yamma da Unguwar Mu'azu da Bakin Ruwa, har ya kai sansanin alhazai na Mando. Na Barnawa kuwa ya fi sauƙi ya bi ta shataletalen tashar jirgin ƙasa, ya haye gadar da ke fita kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ya ratsa tsakiyar gari. A Mando akan yi jira, wani lokaci yini, wani lokaci kwana. Daga nan sai filin jirgin sama, wanda aka buɗe a 1982 can arewa maso yamma da gari, nan ma awon kaya da duba fasfo. Idan aka haɗa wannan da zaman cikin jirgi da layin jami'an shige da fice a can, mutum yana iya shafe awa goma sha biyu ko fiye bai samu wurin wanka ba. Saboda haka gyaran fata a gida ake yinsa, kafin 'yan rakiya su cika zaure.

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare ruwan da ke cikinta yake yi kada ya tsere. Shi ya sa lokacin shafa shi ne da an fito daga wanka, an ɗan tsane jiki, fata tana da sauran laima. Wanda ya bari ya bushe ƙarau sa'an nan ya shafa, ya rufe ƙofar garke bayan awaki sun fita. A rage zafin ruwan wanka, a sassauta dirza da soso, kuma sabulun salo, duk da amfaninsa, yana da kaifi, ba na ranar tafiya ba ne ga mai busasshiyar fata. Wuraren da suka fi bukatar kulawa su ne dunduniya, ƙwauri, gwiwar hannu, bayan hannu da leɓe.

Ni dai ban ga abin da ya fi man kaɗanya ba, kuma ga shi a Kasuwar Litinin ta Kakuri a hannun mata masu kawo shi daga ƙauyuka. A nemi wanda ba a cuɗa shi da turare ba. Abin mamaki, ƙasar nan tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan kaɗanya a duniya, amma ɗanyar ƙwara muke sayarwa, Turawa su tace, su zuba a kwalba mai ado, mu saya da tsada a kantin filin jirgi. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Basilin fari marar ƙamshi shi ma yana da kyau ƙwarai ga leɓe da dunduniya, haka man zaitun. Sai dai a tuna da dokar da aka kafa tun 2006, cewa duk abu mai ruwa-ruwa ko mai maiƙo da za a shiga da shi a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. A ɗebi kaɗan a ƙaramin gwangwani, babban kuwa a sa shi cikin babbar jaka, a ɗaure bakinsa da leda, domin zafi yana narkar da shi ya ɓata tufafi.

A nan akwai mas'alar alwala. A mazhabarmu ta Imamu Malik, Allah Ya yarda da shi, cuɗa gaɓa yayin wankewa farilla ce, kuma sharaɗi ne kada a samu abin da zai shamakance ruwa daga fata. Malamai sun rarrabe tsakanin abu mai jiki wanda ya daskare a kan gaɓa, kamar kakin zuma ko daskararren kitse, da maiƙon da fata ta riga ta shanye. Na farko yana hana alwala inganta sai an gusar da shi, na biyu ba ya hanawa. Saboda haka a murza mai a tafin hannu har ya narke, a shafa shi siriri, kada a yaɓa shi kamar ana yaɓen ɗaki. Man kaɗanya da basilin idan an labta su da yawa, sanyin jirgi yakan sandarar da su a tsakanin yatsu da gefen farce, su bar wa mutum lam'a bai sani ba. Ga mata kuma, launin lalle ba shamaki ba ne bayan an wanke ganyen, amma jan farce na kwalba shamaki ne.

Sai babbar mas'ala, ta harami. Ya 'yan'uwa, harama niyya ce, ba zane ba ce, ba kuma fita daga gida ba ce. Abubuwan da aka hana muhrimi suna farawa ne daga lokacin da ya ƙulla niyya a miƙati. A shekarun nan mafi yawan alhazanmu Madina ake fara kai su, miƙatinsu kuwa Zul Hulaifa ne, wanda ake kira Abyar Ali, a bayan garin Madina, kwanaki bayan sun sauka. Ke nan wanda ke cikin jirgin Madina ba muhrimi ba ne, ya shafa mansa a gida, ya ƙara a Mando, ya ƙara a sama, babu komai a kansa. Daɗin daɗawa, yawancinmu Tamattu'i muke yi, haramin Umra bai cika wuce yini da kwana ba, sa'an nan mutum ya warware har ranar 8 ga Zul Hajji. Kwanakin hani kaɗan ne a cikin tafiyar da ta kai wata guda.

Wanda ya nufi Makka kai tsaye ta Jidda, kamar yawancin masu Umra, shi ne zai ƙulla niyya a sama idan jirgi ya zo daidai da miƙati. Shi ma ƙofa a buɗe take gare shi kafin niyya. A cikin Mudawwana an rawaito cewa Malik bai ga laifi ba mutum ya shafa mai marar ƙamshi, kamar man zaitun, yayin da yake shirin harama. Turaren da ƙamshinsa zai wanzu bayan niyya shi ne Malik ya karhanta, ko da yake Shafi'i da Ahmad sun so shi a jiki kafin harama saboda hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita.

Bayan niyya fa? A nan mazhabarmu ta fi sauran tsanani, ba kuwa zan ɓoye wannan ba don in faranta wa kowa. Abin da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halil da sharhin Dardir shi ne: mai mai ƙamshi, ko ina aka shafa shi, ko da saboda lalura, akwai fidiya. Shafa mai a gashin kai da gemu don gyara, ko da marar ƙamshi ne, akwai fidiya. Marar ƙamshi a sauran jiki ba tare da wata lalura ba, shi ma haka. Amma idan tafin hannu ko tafin ƙafa ya tsage, aka shafa marar ƙamshi don magani, babu fidiya. Idan kuwa lalurar a wani sashen jiki take, kamar cinya ko ƙwauri, magana biyu ce a mazhaba. Shafi'iyya sun halatta marar ƙamshi a jiki duka ban da gashin kai da gemu, Hambaliyya kuma a mashahurin zancensu ba su ga fidiya a cikinsa ba sam. Buhari ya kawo daga Ibnu Abbas cewa muhrimi yana iya magani da abin da yake ci, irin su mai da man shanu. Abin da nake gani, wanda cinyarsa ta fara saɓewa saboda tafiya babu wando, ya shafa basilin marar ƙamshi, ya ɗauki magana mai sauƙi daga cikin biyun, ya fi masa a kan ya bari ta zama gyambo ya kasa zuwa jifa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, fidiya ba abin tsoro ba ce: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6 kowanne mudu biyu na mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko yanka akuya ko tunkiya, kamar yadda aya ta 196 ta Suratul Baƙara da hadisin Ka'abu ɗan Ujra suka nuna. Zaɓi ne, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Muhrimin da ke cikin jirgi ya kiyayi ɗan jiƙaƙƙen ƙyallen goge hannu da ake rabawa tare da abinci, da sabulun ruwa na makewayi, domin galibi akwai turare a cikinsu. Ruwa zalla ya ishe shi.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin dattawanmu, maza da mata, wadda ta fi bushewar fata haɗari. Mutum ya yi alwala a Mando, sai ya ƙudura ba zai sha ruwa ba har ya sauka, don kada alwalarsa ta karye, ko don yana jin nauyin shiga makewayin jirgi bai san yadda ake buɗe ƙofarsa ba. Likitoci sun ce busasshiyar iskar jirgi ita kaɗai ba ta ƙarar da ruwan jiki, abin da take busarwa fata ne da ido da hanci da maƙogwaro. Amma wanda ya yi rabin yini bai sha ba, ya sauka a ƙasar da zafinta ya wuce awo 40, ya shiga da ƙafar hagu. A Hajjin 2024 zafi ya kai awo 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce fiye da mutum 1,300 sun rasu. Shari'a ba ta nemi kowa ya tsare alwala ɗaya daga Kaduna har Madina ba, bilhasali ma salla cikin matsuwar fitsari abin ƙi ce. A sha ruwa kofi guda a kowace awa, a rage shayi mai kauri da goro. Idan alwala ta karye a sake ta da ruwa kaɗan, wanki ɗaya-ɗaya ya wadatar, ba tare da an jiƙa daɓen makewayi an cuci na baya ba. Ya kamata malaman bita na hukumar jin daɗin alhazai su riƙa nuna wa mutane yadda makewayin jirgi yake, kamar yadda suke nuna musu ɗaura harami, matasan da ke cikin ayari kuma su riƙa raka iyayenmu har bakin ƙofa.

Lasar leɓe tana ƙara masa tsagewa, domin yawu yana bushewa ya tafi da sauran danshin. Haka yawan yayyafa wa fuska ruwa ba tare da an bi da mai ba. Wanda hancinsa ya bushe har ya yi haɓo, ya sunkuyar da kai gaba kaɗan, ya matse tattausan wurin hancin na minti goma, kada ya ɗaga kai sama jini ya koma maƙogwaro. Ya kuma sani haɓo ba ya karya alwala a wurin Malik, wanke jinin kawai zai yi. Wanda ya samu kujerar taga da rana ya sauke marfinta, gama hasken rana a can sama ya fi na ƙasa kaifi, wani sashensa kuma yana ratsa tagar. Wannan ya fi shafar masu amfani da man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta yi shelar cewa ya zama babbar barazana ga lafiyar jama'a a 2023. Irin mayukan nan suna sa fata ta yi siriri, ta rasa garkuwar da Allah Ya yi mata, rana ta ƙona ta, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ƙafa ma takan kumbura saboda dogon zama, sai a sassauta takalmi, a riƙa motsa idon sawu, a tashi a ɗan taka idan hanya ta samu.

Jidda gari ne na bakin teku, iskarta mai nauyi ce, gumi ba ya bushewa, abin da ke damun mutum a can ƙuraje ne da ƙaiƙayi a matse-matsin jiki. Madina kuwa busasshiya ce ƙwarai, ga na'urar sanyaya ɗaki a masauki da masallaci da mota, ita ma tana tsotse danshi. Kwanakin da alhaji zai yi a Madina su ne damarsa ta gyara ƙafa kafin babban aiki. Kowane dare bayan Isha ya wanke ta, ya tsane tsakanin yatsu, ya shafa mai a dunduniya da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsun, ya sa safa ya kwanta. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da idonsa, ko ya sa abokin ɗaki ya duba masa, domin ciwon yana kashe jin zafi, mutum ya taka abin da zai ƙona shi bai ji ba. Kada ya zo da sabon takalmi wanda bai taɓa sawa ba, kuma ya riƙa sa silifansa a 'yar jaka yana shiga da su masallaci. Farin dutsen da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi, amma kwalta da dakalin waje da tsakar rana suna iya saɓule tafin ƙafar wanda takalminsa ya ɓace ya ce bari ya lallaɓa zuwa masauki.

Ranar fita zuwa Makka a yi wankan harama a masauki, a yanke farce, a shafa man kaɗanya marar ƙamshi a dunduniya da tsakanin cinyoyi tun jiki na da laima, sa'an nan a ɗaura zane. A Zul Hulaifa sai nafila da niyya da talbiya. Daga nan zuwa Makka fiye da kilomita 400 ne, awa biyar ko shida a mota mai sanyi, gorar ruwa tana kusa da hannu.